Yawan Hazo Ba Shi Ne Inganci Ba

 A yau za mu tattauna ne a kan wasu na'urori da suka fara yawaita a gidajenmu da shagunanmu da asibitocinmu, waɗanda ake zuba wa ruwa, a danna maɓalli, sai farin hazo mai sanyi ya riƙa tashi alhali ba a ɗora komai a kan wuta ba. Akwai wadda ake ajiyewa a ɗaki lokacin hunturu don ta sa wa iska danshi, saboda a watannin Disamba da Janairu danshin iska a garuruwa irin su Kano da Katsina da Maraɗi kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, hanci ya bushe, leɓe ya tsattsage. Akwai 'yar ƙarama da ake ɗiga wa turare don ta ƙamsasa falo. Akwai kuma wadda ta fi su duka nauyi, wato nebulaiza, wadda ake zuba wa maganin asma, a ɗora wa majinyaci takunkumi ya shaƙa. Mai saye idan ya shiga kasuwa yawanci abu ɗaya yake dubawa: a kunna masa ya gani, wadda ta fi turnuƙe shago da hazo ita zai ɗauka. Hujjar da nake son kafawa a wannan shiri ita ce, wannan ma'auni yana yaudarar mutane. Abin da ke raba na'ura ta gari da ta banza shi ne ɗan allon lantarkin da ke ɓoye a ƙarƙashin tankin ruwa, wanda masu gyara ke kira bod. Ayyuka uku ne ke kan wannan allo, kuma duk wanda ya san su ya san abin da zai tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa.

Mu fara da yadda ruwa ke zama hazo babu zafi. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu masana kimiyya a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai wasu duwatsu masu ƙyalli waɗanda idan an matse su sai su fitar da lantarki. Da shekara ta zagayo, Gabriel Lippmann ya nuna ta hanyar lissafi cewa dole akasin haka ma ya faru, wato idan an ba dutsen lantarki zai motsa, ya ɗan kumbura ko ya ɗan tsuke, 'yan'uwan kuma suka gwada suka tarar haka ne. Duk na'urorin da muke magana a kansu a kan wannan ginshiƙi aka gina su. Sai dai yanzu an bar dutse, ana amfani da wani tangaran na musamman mai suna PZT, wanda aka samar a shekarun 1950, a yanka shi ɗan faifai mai faɗin milimita 16 ko 20 ko 25. Idan aka ba faifan nan lantarki mai kai da komowa da sauri, sai ya riƙa karkarwa daidai da wannan saurin. Tun a 1831 Michael Faraday na Ingila ya lura cewa ruwan da ake girgizawa daga ƙasa yakan yi 'yan ƙananan igiyoyi a samansa. A 1927 kuma Robert Wood da Alfred Loomis, a ɗakin gwajinsu da ke Tuxedo Park a jihar New York ta Amurka, suka nuna cewa idan karkarwar ta kai wani matsayi na sauri da ƙarfi, ruwan yakan tsinke daga samansa ya tashi a matsayin hazo. To wannan shi ne abin da kuke gani yana fita daga bakin na'urar: ruwa ne tsagwaronsa, an farfasa shi ƙanana.

Yaya ƙanƙantar ɗigon take? A 1962 wani mai bincike, Robert Lang, ya fitar da lissafin da har yau injiniyoyi ke aiki da shi, wanda ya nuna cewa gwargwadon saurin karkarwar faifai, gwargwadon ƙanƙantar ɗigo. Idan aka ninka saurin sau biyu, ɗigon yakan koma kimanin kashi 63 cikin 100 na girmansa na farko, idan aka ninka sau takwas ya koma rubu'i. Ana auna irin wannan ɗigo da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma don ku kwatanta, kaurin gashin kan mutum kan kai kimanin maikiron 70. Faifan da ke karkarwa sau miliyan 1.7 a daƙiƙa ɗaya yana ba da ɗigon ruwa mai kimanin maikiron 3, wanda ke yin sau miliyan 2.4 kuwa ɗigonsa ya ɗan haura maikiron 2. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce karkarwa dubu 20 a daƙiƙa, shi ya sa ba ku jin komai sai 'yar ƙarar fanka da motsin ruwa. Waɗannan alƙaluma suna da muhimmanci ga mai asma, domin likitocin huhu sun daɗe da tabbatar da cewa ɗigon da ke tsakanin maikiron 1 zuwa 5 shi ne ke gangarawa cikin ƙananan hanyoyin iska inda cutar take. Wanda ya fi haka girma yawancinsa a baki da maƙogwaro yake maƙalewa, a haɗiye shi. Ido ba ya iya bambanta hazon maikiron 3 da na maikiron 10, duka fari ne. Tun daga nan ma'aunin mai saye ya fara samun tangarɗa.

Na'urorin nan gida biyu ne. Gida na farko shi ne mai faifai a gindin ruwa, irin manyan na'urorin sa danshi a ɗaki da wasu nebulaizoji na asibiti. Faifansu yana karkarwa sau miliyan 1.7 ko 2.4 a daƙiƙa, allonsu yawanci yana aiki da bolt 24, yana ɗauke da babban tiransista guda da aka ɗaure a jikin ƙarfen shanye zafi, galibi mai lamba BU406, sai fanka da ke tura hazon waje. Gida na biyu shi ne mai rariya: wani siririn ƙarfe mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan ramuka da aka manna wa zoben tangaran, idan zoben ya yi karkarwa sai rariyar ta riƙa tunkuɗo ruwa ta ramukan. A nan faɗin ramin ne ya fi yanke girman ɗigo, don haka ba a bukatar sauri mai yawa. Ƙananan na'urorin da ake jona wa cajar waya suna aiki ne a wajen karkarwa dubu 110 a daƙiƙa, allonsu kuma sai ya ɗaga bolt 5 na caja zuwa gomiyoyin bolt kafin faifan ya motsa. Kamfanin Aerogen da ke birnin Galway a ƙasar Ayalan yana ƙera rariya mai ramuka 1,000 da ke karkarwa sau dubu 128 a daƙiƙa, wadda ake jonawa da injin taimakon numfashi a ɗakunan kulawa ta musamman, nebulaizar aljihu ta kamfanin Omron na Japan mai suna MicroAir kuwa tana aiki a dubu 180. Akwai gida na uku, mai injin hura iska da ke gurnani, amma shi iska ce ke farfasa ruwan, ba ya cikin zancenmu na yau.

Aikin allo na farko, kuma mafi wuya, shi ne ya ba faifai lantarki a daidai saurin da faifan ke so. Kowane faifai yana da saurinsa na ainihi wanda kaurinsa da sifarsa suka ba shi. A wannan sauri, ɗan lantarki kaɗan yakan sa shi karkarwa mai ƙarfi, idan kuwa aka kauce ko da kaɗan ne sai karkarwar ta faɗi warwas. Matsalar ita ce wannan sauri ba ya zama wuri ɗaya. Faifai biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba su zama daidai wa daida. Idan faifan ya ɗumama saurin ya gusa, idan ruwan da ke kansa ya ragu ya gusa, idan maganin ya fi ruwa kauri ya gusa, idan dattin ma'adinai ya daskare a kansa ko ya tsufa, nan ma ya gusa. Ku dubi mata suna lugude a turmi ɗaya. Wadda ta shigo ba ta zuwa da nata saurin, sai ta saurari bugun da ake yi ta faɗa daidai gurbinta, idan abokan dakan suka ɗan lafa saboda gajiya ita ma ta lafa, in ba haka ba taɓare su yi karo, ƙarfi ya tafi a banza, hatsi ya zube. Allon kirki haka yake yi da faifai, yana sauraronsa yana bin sa. Allon banza kuwa bugunsa yake yi ko faifan ya bi ko kada ya bi, lantarkin da ya kamata ya zama motsi sai ya zama zafi, zafin ya ƙara gusar da saurin, hazo ya ragu, tiransista ya ɗauki zafi har wata rana ya ƙone.

Injiniyoyi suna da hanyoyi uku na tunkarar wannan. Hanya mafi araha ita ce a kafa sauri guda a bar shi, sau da yawa da wani ɗan guntun lantarki mai lamba 555 wanda Hans Camenzind ya tsara, kamfanin Signetics ya fitar a 1972, ko kuma da wani makamancinsa. Wannan yana isar ɗalibi ya ga hazo a ɗakin gwaji, amma ba ya jin faifai balle ya bi shi. Hanya ta biyu ita ce a sa faifan da kansa a cikin da'irar da ke haifar da karkarwar, bisa tsarin da injiniya Edwin Colpitts ya ƙirƙiro fiye da shekara ɗari da suka wuce, ta yadda faifan ne ke ja, da'irar na biye. Yawancin na'urorin sa danshi masu faifai a gindin ruwa haka suke, kuma tsari ne mai sauƙi da ke aiki. Hanya ta uku ita ce a sa 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a kan allon. Da an kunna na'urar sai ta gwada sauri daban-daban cikin ƙiftawar ido, tana auna lantarkin da faifan ke ja a kowanne, ta tsaya a inda ya fi amsawa, sannan ta ci gaba da dubawa lokaci-lokaci tana gyarawa. Nebulaizoji masu rariya na kirki wannan hanya suke bi. To ga inda gizo ke saƙar: a minti biyun farko, faifai na sanyi, tanki na cike, duka ukun hazo suke bayarwa. Mai ƙera na'urar araha ma yana iya ɗura wa faifan lantarki fiye da ƙima don hazonsa ya fi na kowa a gaban mai saye. Bambancin sai bayan rabin sa'a yake fitowa, wani ma sai bayan wata uku.

Aiki na biyu shi ne kare faifai idan ruwa ya ƙare. Ruwan da ke kan faifai shi ne ke ɗauke ƙarfin karkarwarsa, shi ne kuma ke sanyaya shi. Da zarar ya ƙafe, duk ƙarfin sai ya tsaya a jikin tangaran ɗin, cikin ɗan lokaci ya yi zafi ƙwarai. Tangaran na PZT yana rasa baiwarsa ta motsi kwata-kwata idan zafi ya kai wajen digiri 300, amma tun kafin a je nan yake fara rauni, shi ya sa masu ƙera shi ke ba da shawarar kada a wuce rabin wannan zafi. Raunin kuma ba ya warkewa, faifan da ya ƙone ya ƙone ke nan. Saboda haka allon kirki yana da hanyar sanin ruwa ya yi ƙasa. A wasu na'urorin akwai ɗan zobe mai maganaɗisu da ke iyo a kan ruwa, idan ya sauka sai ya buɗe wani makunni, allon ya yanke wuta. A wasu akwai ɗan ƙarfe da ke taɓa ruwan yana ba da labari. A masu rariya kuwa 'yar ƙwaƙwalwar ce ke lura cewa yadda faifan ke jan lantarki ya sauya, ta gane magani ya ƙare ta kashe kanta. Na'urar da ake kunnawa a ɗakin yara a kwanta barci, idan ba ta da wannan kariya, ranar farko da aka manta da ita tana iya zama ranarta ta ƙarshe, roba mai zafi kusa da katifa kuma ba abin wasa ba ce.

Aiki na uku shi ne daidaita wutar da ke shigowa, kuma a nan ne zancen ya fi shafar mu. A ƙa'ida wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take yin ƙasa da yamma har fanka ta riƙa juyi da ƙyar, ya san yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ya kuma san halin ƙaramin janareta idan an ɗora masa kaya. Ƙarfin karkarwar faifai yana bin ƙarfin wutar da aka ba shi. Idan allon ba ya daidaitawa, hazo zai riƙa hawa da sauka da wutar gari, a na'ura mai batir kuma zai riƙa raguwa yayin da batir ke sanyi. Ga na'urar ƙamshi wannan ƙaramar damuwa ce. Ga nebulaiza kuwa magana ce ta adadin maganin da ya shiga ƙirjin majinyaci. Shaƙar magani kan ɗauki minti biyar zuwa goma sha biyar. Uwa da ta saba cire wa yaronta takunkumi bayan minti goma ba za ta san cewa yau, saboda batir ya yi sanyi, wani kaso na maganin na nan kwance a kofin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, mutum dubu 455 kuma suka rasu sanadiyyarta, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A cutar da ke shaƙe mutum cikin dare, na'urar da ke ba da rabin magani tana nuna kamar ta ba da duka ta fi wadda ta ƙi kunnuwa haɗari, domin wadda ta ƙi kunnuwa tana sa a garzaya asibiti.

Na san wani mai sauraro zai ce, malam, wannan magana ta masu hali ce, talaka abin da aljihunsa ya kai shi zai saya, kuma ga maƙwabcina na amfani da mai araha shekara guda ba ta yi komai ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na cewa duk mai tsada ce mai kyau. Idan ƙamshin falo kake so, sayi mai araha, in ta mutu asararka kaɗan ce. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, kayan da ke ba da kariyar da muka lissafa, wato makunnin maganaɗisu da ɗan guntun daidaita wuta da 'yar ƙwaƙwalwa, suna cikin mafi arahar kayan lantarki a duniya, ana buga su miliyoyi. Na'urar da aka cire mata su ba ta fi mai su sauƙin kuɗi da wani abin a zo a gani ba, kuma wanda ya sayi uku a shekara biyu ya biya fiye da wanda ya sayi ɗaya mai ƙarko. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na biyu, idan magani ake nufi, ga wanda kuɗinsa bai kai nebulaiza ta gari ba akwai hanyar da ta fi sayen ta banza. Bincike da dama sun nuna cewa a yawancin tashin asma, maganin fesawa na hannu idan aka haɗa shi da 'yar gorar shaƙa da ake sawa tsakaninsa da baki yana aiki daidai da nebulaiza, ba ya kuma bukatar wuta ko batir. A tambayi likita a kan wannan kafin a kashe kuɗi.

Ƙorafi na biyu daga masu gyara zai fito, kuma ya fi na farko ƙarfi. Mai gyaran rediyo a Sabon Gari ko mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai ce, allo mai tiransista ɗaya ina iya gyara shi cikin minti ashirin, in cire BU406 in sa sabo, amma mai 'yar ƙwaƙwalwa idan ta mutu babu inda zan samo umarnin da aka rubuta a cikinta, sai dai a jefar. Wannan haka yake, kuma dalili ne mai kyau na fifita tsarin Colpitts a na'urar sa danshi ta gida, muddin tana da kariyar ƙarewar ruwa. Sauƙi ba aibi ba ne, allon da nake suka shi ne wanda ba ya jin faifansa ko kaɗan. Sai dai ina roƙon masu gyara su riƙa tambayar abin da ya kashe tiransistan kafin su sauya shi. Sau da yawa faifan ne ya tsufa ko datti ya rufe shi, ko fanka ta tsaya, ko zoben da ke iyo ya maƙale a sama yana nuna akwai ruwa alhali babu. Wanda ya sauya tiransista ya bar sanadin, mai kaya zai dawo masa. Idan za a sauya faifai, a sa mai irin saurin na asali da irin faɗinsa, domin faifan miliyan 2.4 ba zai yi aiki daidai a allon miliyan 1.7 ba. Kada a kunna faifai babu ruwa don gwaji, kada kuma a sa yatsa a kansa yana aiki, yana da zafi da raɗaɗi. Nebulaiza mai rariya kuwa ko ta kunnu bayan an taɓa ta, babu kayan auna girman ɗigo a shagon gyara, don haka idan rariyarta ta lalace a nemo ta ainihi daga kamfanin.

Ƙorafi na uku shi ne, to ai mai saye ba ya ganin allon, ba kuma za a bar shi ya kwance na'ura a shago ba. Gaskiya ne, amma halin allo yana bayyana daga waje ga mai haƙuri. Ka ce a kunna maka ita, ka je ka yi sauran cefanenka ka dawo bayan minti ashirin ko talatin, ka duba ko hazon na nan yadda ya fara, ka taɓa gindinta da adaftarta ka ji ko ɗumi ne ko zafi. A na'urar sa danshi mai tanki, ka ce a ɗaga tankin a bar ruwan gindin ya yi ƙasa: ta gari za ta tsaya da kanta, yawanci da wata 'yar fitila mai nuna ruwa ya ƙare. Ka karanta jikin adafta, wadda aka rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240 ta fi jure wutarmu. Mai batir kuma ka tambaya ko tana da alamar da ke nuna batir ya yi sanyi. Ga nebulaiza, ka buɗe takardar da ke cikin kwali ka nemi inda aka rubuta matsakaicin girman ɗigo, ya kasance ƙasa da maikiron 5, da yawan maganin da take fitarwa a minti. Akwai ƙa'idar duniya ta nebulaiza mai lamba ISO 27427, kamfanonin da suka gwada kayansu sukan ambace ta ko makamanciyarta. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar kayan aikin lafiya, don haka a nemi shaidar rajistarta. Kwalin da babu sunan kamfani, babu adireshi, babu alƙaluma, sai hoton yaro yana murmushi, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki.

Akwai magana ta ƙarshe da wani zai iya jefa mini, cewa ko allon ya kai inda ya kai, bai san abin da aka zuba a tanki ba. Na amince da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ita ce iyakar duk abin da na faɗa. Tafasa ruwa takan bar gishiri da ma'adinai a tukunya, amma faifai mai karkarwa duk abin da ke cikin ruwan yake ɗagawa sama, har da ma'adinai da ƙwayoyin cuta. Wanda ya zuba ruwan rijiyar burtsatse mai ma'adinai da yawa zai ga farar ƙura a kan talabijin da tebur, kuma irinta yake shaƙa. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a yi amfani da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a zubar da ragowar ruwa kullum, a wanke na'urar duk bayan kwana uku, kada kuma danshin ɗaki ya wuce kashi 50 cikin 100. A Koriya ta Kudu, daga 1994 aka riƙa sayar da wasu sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a tankin na'urar sa danshi, sai a 2011 hukumomi suka gano su ne ke lalata huhun mutane, musamman mata masu juna biyu da masu jego da ƙananan yara, waɗanda aka kai rahoton mutuwarsu kuma sun haura dubu. Na'urorin lafiyarsu ƙalau, aikinsu suka yi. Haka nan a nebulaiza, ba a zuba komai sai abin da likita ya rubuta. Kada a zuba man zaitun ko man habbatus sauda ko turare, domin mai idan ya shiga huhu yana iya haddasa wani nau'in ciwon huhu. Ko a cikin magungunan asibiti ma, irin budesonide mai ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa ba ya dacewa da nebulaiza mai faifai a gindin ruwa. Wannan duka yana ƙara wa hujjarmu ƙarfi ne, domin hazon magani da hazon guba launinsu ɗaya, ido ba ya raba su.

Saboda haka kirana ga 'yan kasuwar da ke shigo da waɗannan kaya shi ne su tambayi masana'anta abu uku kafin su yi oda: shin allon yana bin saurin faifai, yana kashe kansa idan ruwa ya ƙare, yana kuma daidaita wuta? Ga makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha, wannan ɗan allo darasi ne cikakke mai arha, a sa shi a hannun ɗalibai su kwance su auna. Ga ma'aikatan lafiya, idan kun ce wa iyaye su sayi nebulaiza ku gaya musu irin wadda ta dace da maganin da kuka rubuta, ku kuma nuna musu yadda ake wanke ta. Ga ku masu sauraro, kada ku biya kuɗi a kan hazon minti biyu. Ku ba na'ura lokaci ta nuna halinta, ku karanta takardarta, ku zuba mata ruwa mai tsabta, kuma idan majinyaci ya shaƙi magani numfashinsa bai sassauta ba, kada a tsaya sake kunna na'ura, a kai shi asibiti nan take.